Ƙidayar Aibi Kafin Ciniki: Nasiha Ga Masu Mazarƙwaila Na Karaye Da Rogo

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya halatta ciniki ya haramta zalunci, ya kuma ajiye ma'auni a tsakanin bayinsa domin kada wani ya ci haƙƙin wani. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka shaide shi da gaskiya da amana a fatauci tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, maganarmu ta wannan mako ta shafi wata sana'a ce da ke ci da gidaje masu yawa a yammacin jihar Kano, watau sana'ar mazarƙwaila. Duk wanda ya ratsa ƙasar Karaye da ta Rogo daga kaka zuwa rani ya san yadda fadamu ke cika da rake, ya kuma ga hayaƙi na tashi daga wuraren da a ke matse shi, a dafa ruwansa har ya daskare. Ƙasar Rogo ta yi iyaka da jihar Kaduna, inda Maƙarfi ta yi suna wajen rake. A ƙasar Karaye kuwa akwai madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gama gininta a 1992. Manomi, da mai sara, da mai inji, da mai dahuwa, da mai ɗauko, da dillali, har da matar da ke dama kunu ta sayar, duk abincinsu a rataye ya ke da curin nan na mazarƙwaila.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne kukan da masu saye su ke yi, kuma ba a kan mazarƙwaila kaɗai ba, har da yawancin abin da mu ke yi da hannunmu. Mutum zai sayi buhu, ya tarar na sama da ƙarfi da tsabta, na ƙasa kuwa wani ya yi ruwa, wani da yashi, wani ya ƙone yana ɗaci, wani bai kai ɗan'uwansa nauyi ba. Mun yarda yawancin masu wannan sana'a mutanen kirki ne, ba da gangan su ke yi ba. Amma in ka tambayi ɗayansu, cikin curi 100 da ya sauke jiya nawa ne masu aibi, sai ya ce Allah ne masani. Gaskiya ne, Allah ne masanin kome. Sai dai wannan yana cikin abin da Allah ya ba bawa ikon sani, ya kuma ɗora masa nauyin bayyana shi ga mai saye.

Abin Da Shari'a Ta Ɗora Wa Mai Sayarwa

Imamu Muslim ya ruwaito cewa wata rana Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tsibin abinci a kasuwa, sai ya cusa hannunsa a ciki, yatsunsa suka taɓo danshi. Da ya tambayi mai abincin, sai ya kawo hanzari da cewa ruwan sama ne ya taɓa shi. Manzon Allah ya nuna masa cewa kamata ya yi ya sa jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gan shi, sa'an nan ya barranta daga duk mai algus. Mu lura da abu biyu a nan. Na farko, ba mai abincin ne ya jiƙa shi ba, amma wannan bai kuɓutar da shi ba, domin laifinsa ɓoyewa ne. Na biyu, Manzon Allah bai tsaya ga kallon saman tsibi ba, ciki ya bincika.

A kan wannan ne malamanmu na mazhabar Malikiyya suka gina hukunci. Duk ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya san an hana algus, da yaudara, da ɓoye aibi, da gauraya mummuna da kyakkyawa. A Muhtasar na Shaihu Halilu kuwa an ƙara da cewa wajibi ne mai sayarwa ya faɗi aibin da ya sani filla-filla, ko ya nuna shi, kada ya dunƙule magana. Saboda haka cewar da wasu ke yi, "ga shi nan yadda ka gan shi, in an ɗauka ba a mayarwa," ba ta sauke musu nauyi. In mai saye ya tarar da tsohon aibi wanda ke rage kuɗin kaya, yana da zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa.

Wani zai ce, ai malamai sun yi rangwame a kan aibin da ba a iya gani sai an fasa abu. Haka ne, sun kawo misali da ɗacin cikin kokwamba da ƙwaron da ke cikin itace, domin mai saye da mai sayarwa duk ɗaya su ke wajen rashin saninsa. Amma waɗannan malaman sun ce ruɓaɓɓen ƙwai ana mayar da shi, saboda akwai hanyar gane shi. To, yashin da ke cikin mazarƙwaila ba a gona ya tsiro da ita ba. Ta hannun mai dahuwa ya shiga, kuma akwai hanyar gane shi cikin sauƙi. A ganinmu ya fi kusa da ƙwai bisa ga kokwamba.

Akwai kuma wata mas'ala da ta dace da 'yan kasuwarmu. Malikiyya sun yarda a sayi kayan da a ke aunawa bayan an ga sashensu kawai, kamar yadda Imamu Malik ya yarda a cikin Muwaɗɗa a sayi ƙunshin tufafi bisa takardar da ta siffanta abin da ke ciki. Wannan sauƙi an yi shi ne bisa sharaɗin cewa abin da ba a gani ba daidai ya ke da abin da aka gani. Ashe ke nan wanda ya buɗe bakin buhu ya nuna curi biyu, ya yi alkawari ne a kan sauran duka. Yaya mutum zai yi alkawari a kan abin da bai taɓa dubawa ba? Malaman usulu sun kafa ƙa'ida cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, to, shi ma ya zama wajibi. Bayyana aibi wajibi ne, ba ya kuwa yiwuwa sai an san aibin, ba a kuwa saninsa sai an duba an ƙidaya.

Magabata Ba Su Bar Kasuwa Haka Nan Ba

Awon ingancin aiki daɗaɗɗen abu ne a addininmu. A Suratu Saba'i Allah ya ba da labarin yadda ya tausasa wa Annabi Dawuda baƙin ƙarfe, ya umurce shi da ya ƙera sulke cikakku, ya kuma daidaita awon saƙarsu. Masu tafsiri, irin su Mujahid, sun bayyana cewa ma'anar ita ce kada ƙusa ta yi siranta har ta riƙa motsi a cikin zobe, kada kuma ta yi kauri har ta tsaga shi. Watau akwai iyaka ta sama da ta ƙasa, aikin kirki yana tsakaninsu. Wannan ita ce ƙa'idar da kowace masana'anta ta zamani ke bi a yau. Baihaƙi kuma ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Allah yana son bawan da in ya kama aiki zai kyautata shi.

Domin tsare wannan ne aka kafa aikin hisba. Wani malamin Malikiyya na ƙasar Tunisiya, Yahaya ɗan Umar, wanda ya rasu a 289 bayan Hijira, ya bar littafi mai suna Ahkamus Suƙ, wanda ya tattara hukunce-hukuncen ma'auni, da gurasar da aka rage wa nauyi, da nonon da aka zuba wa ruwa. A nan ƙasashenmu, Shaihu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, mai mulki daga 1463 zuwa 1499, ya amsa wa Askiya Muhammadu na Songai tambaya a kan masu tauye awo da masu algus. Ya shawarce shi da ya naɗa amintacce a kan kasuwanni, a kuma daidaita sikeli da mudu na kowane gari su zama bai ɗaya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya lissafa ha'inci a ciniki cikin miyagun al'adun da ya yi wa'azi a kansu. Ashe in mun ce a auna, a duba, a ƙidaya, gadonmu mu ke kira a koma wa.

Yadda Masana'antun Duniya Suka Yi

Abin da mutanen zamani suka ƙara shi ne rubutu da lissafi. A 1924 wani masani a Amurka, Walter Shewhart, ya fito da dabarar ɗibar kaɗan daga kayan da inji ke fitarwa a kai a kai, a auna, a rubuta sakamakon a jere. Ya nuna cewa saɓani iri biyu ne. Akwai ɗan bambancin da ba a rasawa kullum, akwai kuma wanda ke fitowa kwatsam saboda wani dalili na musamman, wanda ya wajaba a tsaya a nemo shi. A 1950 wani Ba'amurke mai suna Edwards Deming ya je Japan ya koyar da wannan ilmi, a lokacin da a ke yi wa kayan Japan kallon na banza. Ba a yi shekara 30 ba sai ga motocinsu da rediyonsu sun cika kasuwannin duniya, har da namu. Daga cikin koyarwar Deming akwai cewa yawancin aibi daga tsarin aiki ya ke fitowa, ba daga ma'aikaci ba. A kamfanin Toyota an ba ƙaramin ma'aikaci ikon ya ja igiya a tsai da aiki in ya ga ɓarna. A 1986 kuma kamfanin Motorola ya kafa wa kansa mizanin da bai yarda aibi ya kai 4 cikin miliyan ba.

Ba mu ce mai mazarƙwaila ya kai wannan matsayi ba. Amma ya sani cewa sukarin kwali da ke ƙwace masa kasuwa da irin wannan lissafi a ke yin sa. Uwargida ta san abin da za ta tarar a kwali tun kafin ta buɗe, ba ta kuwa san abin da za ta tarar a curi ba sai ta fasa. Wannan natsuwar ita ta ke saye, ko da ta fi son ɗanɗanon mazarƙwaila a kununta.

Abin Da Mai Sana'a Zai Iya Yi Tun Daga Bana

Na farko, a san siffar da a ke nema. Masu sana'a na gari ɗaya su zauna su yarda a kan nauyin curi, da ƙarfinsa, da launinsa, da cewa babu yashi, babu tsami, babu ƙauri. In ba a yarda a kan siffa ba, ba a iya cewa wannan ya cika, wancan ya gaza.

Na biyu, a ɗiba a duba. Daga kowace dahuwa a ɗauki curi biyar, na farkon zubi da na tsakiya da na ƙarshe, ba waɗanda ido ya fi so ba. A ɗora su a sikeli. A fasa guda, a jiƙa gutsurensa a kofin gilashi da ruwa mai tsabta, a bar shi ya kwanta. Duk yashi da dattin da ke ciki zai taru a gindin kofi.

Na uku, a rubuta. Littafi ɗaya da alƙalami sun isa, da boko ko da ajami, kuma babu gidan da zai rasa yaron da zai iya. A rubuta rana, da gonar da raken ya fito, da ranar da aka sare shi, da wanda ya yi dahuwa, da yawan curi, da yawan masu aibi da irin aibinsu. Bari mu buga misali. A ce mutum ya sauke curi 200, ya tarar 20 da aibi, watau 10 cikin 100. A cikin 20 ɗin, 12 sun ƙi daskarewa, 5 da yashi, 3 sun ƙone. Nan take ya san inda zai fara, domin in ya magance rashin daskarewa kaɗai, ya kawar da fiye da rabin hasararsa. Wanda bai rubuta ba kuwa, sai ya yi ta faɗa da yaran aiki a kan ƙonewa, alhali ita ce ƙaramar matsalarsa.

Na huɗu, a bi aibi har tushensa. Masana sun tabbatar cewa da zarar an sare rake, sukarin da ke cikinsa ya kan fara juyewa zuwa wani iri wanda ba ya daskarewa, mai jan danshi. Shi ya sa a ke so a matse shi cikin kwana guda da sarewa, kada kuma a bar ruwan da aka matse ya jima bai hau wuta ba, domin zai yi tsami. Raken da bai nuna ba ma haka ya ke yi. In an sauke dahuwa da wuri ba ta yin ƙarfi, in an bar ta ta zarce sai ta ƙone. Zafin da a ke nema wajen saukewa yana tsakanin digiri 115 da 120 a ma'aunin zafi. Wanda ba shi da ma'auni ya ɗiga kaɗan a ruwan sanyi, in ya dunƙule ya yi ƙarfi a yatsa, to, ta yi. Yashi kuwa daga ƙasar da ke jikin rake ya ke zuwa, da rashin tace ruwa da ƙyalle mai tsabta, da ajiye curi a ƙasa. Baƙi ya kan zo daga rashin kwashe kumfa. A ƙasar Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa yin irin wannan sukari, su kan zuba ruwan yauƙin kuɓewa domin datti ya taso a kwashe. A kula kuma kada man inji ya ɗiga a ruwan rake, kada a yi aiki da durom ɗin da ya taɓa ɗaukar magani ko mai, domin wannan ya wuce aibin ciniki, ya shiga cutar da rai.

Na biyar, a canja abu ɗaya a lokaci guda, a sake ƙidaya. In an canja uku tare, ba za a gane wanda ya yi amfani ba.

Na shida, a ware kaya. Shari'a ba ta ce a zubar da mai ƙaramin aibi ba. A sa lamba ɗaya a buhunta, lamba biyu a nata, kowace da kuɗinta, a kuma faɗa wa mai saye. Haka kuma mai sana'a ya sa wa buhunsa alamar da za a gane shi da ita, domin mai kyautatawa ya ci moriyar sunansa, kada laifin mutum ɗaya ya shafi gari duka.

Muna gargaɗi a kan wata gajeriyar hanya. A wasu ƙasashe akwai masu zuba sinadari domin launin sukarin ya yi haske, alhali dattin yana nan. Wannan daidai ya ke da wanda ya ƙi tatsar saniya kwana da kwanaki domin hantsarta ta cika a ranar kasuwa, abin da Manzon Allah ya hana, ya kuma ba mai saye ikon mayarwa.

Muna kuma tunatar da masu inji haƙƙin ma'aikatansu. In littafi ya nuna cewa mazarƙwaila ta kan lalace duk ranar da rake ya kwana uku a jibge, ko wane ne ya yi dahuwa, to, zaftare ladan mai dahuwa zalunci ne. Yaron da ya ce, "Maigida, ruwan nan ya yi tsami," nasiha ya yi, a gode masa. In an tsawata masa yau, gobe zai gani ya yi shiru.

Kira Ga Shugabanni

Bisa dokar jihar Kano ta 2024, masarautar Karaye ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo. Muna roƙon masarauta, da hakimai, da dagatai, da sarakunan kasuwa, su tara masu wannan sana'a kafin kaka, a tsai da nauyin curi guda, a ajiye sikeli amintacce a kowace kasuwa wanda kowa zai iya zuwa ya gwada. Hukumar Hisba ta jihar Kano, wadda aka kafa da doka a 2003, ta tuna cewa duba ma'auni da ingancin abinci yana cikin aikin farko da aka san hisba da shi. Gwamnatin tarayya tana da hukumar kula da ingancin kayayyaki tun 1971, da hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna tun 1993, amma ma'aikatansu ba za su tsaya a kan kowace tukunya ba. Limamai kuwa su ware huɗuba guda a farkon lokacin matsa, su karanta wa jama'a ma'anar Suratul Muɗaffifina da labarin mutanen Annabi Shu'aibu, waɗanda aka halaka bayan sun ƙi daina tauye mudu da sikeli.

Ya ɗan'uwa mai sana'a, an ruwaito a Buhari da Muslim cewa masu ciniki biyu in sun yi gaskiya suka bayyana, a kan sa albarka a cinikinsu, in kuwa suka ɓoye suka yi ƙarya, a kan shafe albarkar. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Curin da ka cusa a gindin buhu za a fasa shi, ko a Kano ko a wani gari mai nisa, a kuma tambayi daga ina ya fito. Gara ka ƙidaya aibin kayanka da hannunka tun kana da ikon gyarawa, kafin ranar da za a kafa ma'aunin da ba ya tauye kome.

Allah ya sa albarka a gonakinmu da sana'o'inmu, ya ciyar da mu halal, ya kiyashe mu daga cin haƙƙin mutane da saninmu ko ba da saninmu ba. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.